Tambaya da Amsa: Idan Na'ura Ta Ce a Hau, Jami'i Ya Ce a Sauka, Wa Matuƙi Zai Bi?

Tambaya: Malam, a wata tafiya da na yi, muna dab da isa wani babban filin jirgin sama, sai jirginmu da ke gangarowa a hankali ya ɗaga kai ba zato, har na ji jikina ya nutse cikin kujera. Daga baya matuƙi ya sanar da mu cewa na'urar kauce wa karo ce ta umarce shi, domin wani jirgi ya matso kusa. To ashe ba jami'an da ke ƙasa ne ke raba jirage ba? Kuma idan maganarsu ta saɓa da ta na'urar, wa za a bi?
Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, raba jirage aikin jami'an kula da zirga-zirgar jirage ne, na'urar da ka ji labarinta kuwa, wadda ake kira TCAS, kariya ce ta ƙarshe idan an yi kuskure a ƙasa ko a sama. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta ta ga jiragen da nauyinsu ya wuce kilo 5,700 ko suke ɗaukar fasinja fiye da 19. Na'urar tana aika tambaya ta rediyo ga tiransfondar kowane jirgi da ke kewaye, wato na'urar da ke amsa irin wannan tambaya da kanta, daga amsar da ta dawo kuma ta gane nisansa da tsayin da yake kai, sannan ta lissafa daƙiƙun da suka rage kafin su haɗu.

Gargaɗin mataki biyu ne. Idan saura daƙiƙa 20 zuwa 48, gwargwadon tsayin da ake tafiya, alamar ɗaya jirgin a allon matuƙi takan koma da'ira mai launin rawaya, murya kuma ta sanar cewa ga jirgi nan kusa. A wannan mataki ba a karkata ko'ina, shiri kawai ake yi. Idan ya rage daƙiƙa 15 zuwa 35, sai alamar ta zama ja mai kusurwa huɗu, muryar ta ce a hau, ko a sauka, ko a daidaita. Daƙiƙa 5 kacal aka ba matuƙi ya soma aiki: a yawancin jirage zai kashe na'urar tuƙi mai sarrafa kanta, ya kama jirgin da hannu, ya fitar da allurar hawa da sauka daga jan yanki zuwa kore, wanda galibi yake daidai da ƙafa 1,500 zuwa 2,000 a minti ɗaya. Ba fizga ake so ba, kuma nutsewar da ka ji a kujera alamar wannan ɗagawa ce.

Game da wanda za a bi, ƙa'ida a yau ba ta bar wurin shakka ba: na'ura ake bi. Dalili shi ne na'urorin jiragen biyu sun riga sun yi magana da juna sun raba aiki, ɗaya sama ɗaya ƙasa, alhali jami'in da ke ƙasa yawanci bai san da wannan yarjejeniya ba sai an gaya masa. Da rayuka aka sayi wannan darasi. A daren 1 ga Yuli, 2002, a sararin garin Uberlingen na kudancin Jamus, jirgin fasinja ƙirar Tupolev daga Rasha da jirgin kaya na DHL suka tunkari juna a tsayin ƙafa 36,000. Na'ura ta ce wa na Rasha ya hau, ta ce wa na kaya ya sauka, amma jami'in da ke birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, wanda shi kaɗai yake riƙe da teburin aiki biyu a daren, ya umarci na Rasha da ya sauka. Matuƙansa suka bi jami'i, jiragen biyu suka gangara tare, mutum 71 suka rasu, akasarinsu yara. Ban ga amfanin ɗora wa matattun laifi ba, domin umarni biyu masu karo da juna suka zo musu cikin 'yan daƙiƙu, horon da suka samu kuma bai fayyace musu wanda ke gaba ba. Bayan haka ne aka tsaurara dokar: matuƙi ya bi na'ura, ya sanar da jami'i da zarar ya samu sarari, shi kuma jami'i ya dakatar da ba shi umarnin canza hanya har sai an ce haɗarin ya wuce.

A sararin da jirage suka yi cunkoso, inda ƙafa 1,000 ce kawai tsakanin wannan da wancan, gargaɗi da yawa kan taso ne saboda jirgi yana hawa da sauri zuwa matakin da aka ba shi, na'ura kuwa ba ta san zai tsaya a can ba. Shi ya sa ake shawartar matuƙa su rage saurin hawa ko sauka zuwa ƙafa 1,500 a minti idan saura ƙafa 1,000 su isa. Duk da haka, ko matuƙi yana ganin wani jirgi da idonsa bai kamata ya yi watsi da umarnin ba, domin mai yiwuwa wanda yake kallo ba shi ne na'ura ke nufi ba.

Tambaya: Malam, idan haka ne, me ya sa har yanzu ake jin labarin jirage sun yi karo a sama?
Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, na'urar tana da iyaka. Ba ta ganin jirgin da tiransfondarsa ba ta aiki, kuma abin da ya faru ke nan a sararin dajin Amazon na Birazil a watan Satumba, 2006, inda mutum 154 suka rasu a jirgin kamfanin Gol bayan ya yi karo da wani jirgi da tiransfondarsa ba ta aiki. Haka kuma da gangan aka tsara ta ta daina ba da umarnin hawa ko sauka idan jirgi ya yi ƙasa da kimanin ƙafa 1,000, don kada ta tura shi cikin ƙasa. Karon da aka yi a kan kogin Potomac na birnin Washinton ranar 29 ga Janairu, 2025, tsakanin jirgin fasinja da jirgin soja mai saukar ungulu, wanda ya ci rayuka 67, ya auku ne a tsayin kimanin ƙafa 300, inda kariyar ta koma kan jami'in hasumiya da idanun matuƙa.