Ko akwai abin da zai maye gurbin maganin feshi a gonar alkama?

Malam, ka tambaya ko za a iya kare alkama daga cututtukan fangas, wato ƙwayoyin cuta dangin funfuna, ba tare da feshin sinadarai ba. Akwai hanya, sai dai amfaninta ya danganta da irin cutar.

Ga cututtukan da ke kwance a ƙasa ko a jikin iri, waɗanda ke ruɓar da saiwa, ana cakuɗa iri kafin shuka da ƙwayoyin halitta masu amfani kamar Trichoderma da Bacillus subtilis. Trichoderma yakan nannaɗe zaren fangas mai cutar ya narkar da shi, shi kuwa Bacillus yana fitar da sinadaran da ke hana shi yaɗuwa. Da yake masu rai ne, zafi yana kashe su, saboda haka kada ka sayi wanda ya daɗe a rana kan teburin ɗan kasuwa, ko wanda wa'adinsa ya wuce.

Tsatsa kuwa, wadda ke barin jar hoda a hannu idan ka shafa ganye, iska ce ke kawo ta daga nesa, kuma a ganina waɗannan ƙwayoyi ba za su wadatar da kai ba. Nemi iri mai jure mata, ka tuntuɓi Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ke da alhakin inganta irin alkama a Najeriya.