Filin Motsa Jiki: Wane Bel Zan Saya Na Ɗaga Ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum Koci. Ni ɗalibi ne a Zariya, shekarata 23. Wata takwas ke nan ina ɗaga ƙarfe a wani ɗan fili a unguwarmu. Yanzu ina tsugunawa da kilo 90 a kafaɗa, ina kuma ɗaga 120 daga ƙasa. Na sayi bel mai soso a kasuwa, bai rufa wata uku ba ya fara ɓarewa kamar bawon albasa. Na tara naira 25,000. Wane iri zan saya da zai daɗe, ya kuma tsare mini baya? Daga ƙaninka a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kilo 120 a wata takwas ba wasa ba ne, Allah ya ƙara lafiya. Kafin mu shiga kasuwa bari in gyara maka abu ɗaya a wasiƙarka, domin a kansa sauran maganar za ta hau. Bel ba ya riƙe baya yadda karan ɗori ke riƙe karaya. Aikinsa a gaba yake, a kan ciki. Idan ka shiga ƙarƙashin ƙarfe, sai ka ja numfashi har cikinka ya cika, ka riƙe shi, ka tura cikin waje. Bel shi ne bangon da cikin ke tokara. Da ya tokare sai matsi ya ƙaru a ciki, gangar jiki ta sandare, ƙashin baya ya samu abin jingina. Ka dubi buhun masara da aka cika aka ɗinke bakinsa, tsaye yake ƙyam. Rage kwano biyar a ciki ka ga yadda zai lanƙwashe.

Shi ya sa irin wanda ka saya, mai faɗi da soso a baya amma siriri a gaba, ba na ba kowa shawarar sa kuɗinsa a kai. Inda ake buƙatar bango, nan suka tsuke shi. Ka nemi wanda faɗinsa ɗaya ne tun daga kai har wutsiya, santimita 10, wato inci 4. Wannan ne iyakar da IPF, hukumar duniya mai shirya gasar irin ɗaga ƙarfen da kake yi, ta yarda da shi a gasarta, kauri kuma kada ya wuce milimita 13. Masu gasar Olamfik, waɗanda ke cilla ƙarfe sama da kai, an ba su har santimita 12. Kai mai kaurin milimita 10 ya ishe ka shekaru masu yawa. Mai 13 yana ɗaukar watanni kafin ya yi laushi, kuma kafin nan zai bar maka shaida a haƙarƙari. In kai gajere ne, tsakanin haƙarƙarinka da ƙugunka babu fili sosai, nemi mai inci 3, musamman don ɗagawa daga ƙasa, saboda mai faɗin yakan soki mutum idan ya sunƙuya.

Sai batun fata, kuma a nan ake cutar mutane. Da yawa daga cikin masu arha da aka rubuta wa fata ce zalla, garin fata ne aka kwaɓa da gam, aka danne, aka lulluɓe da roba mai sheƙi. Gumi na shiga, gam na saki. Kada ka dubi fuskar bel, gefensa za ka duba, inda wuƙa ta yanka. Fatar gaske za ka ga zare-zarenta a cure. Ta jabu kuwa kamar kwali take, hawa-hawa, wani lokaci har da ƙyalle a tsakiya. Naɗe shi a hannunka sosai. In fuskar ta yi fari ko ta tsattsage, ajiye wa mai shago kayansa. Ka kuma shinshina, hancin Bahaushe bai jahilci warin jima ba.

Akwai masu suna a duniya, irin su Inzer na Amurka da SBD na Ingila, kuma kayansu na da kyau ƙwarai, ban musa ba. Sai dai kafin na SBD ya iso hannunka a nan, kuɗinsa ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa. Ba na son ɗalibi ya ci bashi a kan wannan alhali muna zaune a ƙasar fata.

Ga abin da ni na yi. Shekarun baya na sayi wani mai maƙalli irin na liba, wanda ake dannawa ya kulle lokaci guda. Ranar da na tsuguna da nauyi mafi girma a makon, ina ƙasa, sai na ji ƙas, maƙallin ya rabe biyu. Allah ya sa yara biyu na tsaye a gefena suka tare ƙarfen. Da na duba karayar, ba baƙin ƙarfe ba ne, wani narkakken abu ne mai gari-gari da aka shafa wa fenti. Tun daga ranar ban ƙara yarda da liba mai arha ba. Na ɗauki awona na tafi wajen wani dattijon baduku a Ƙofar Wambai a Kano, na zana masa abin da nake so a takarda. Wannan bel ɗin har yau shi nake ɗaurawa, ya bi siffar jikina kamar tare aka haife mu.

Kai ma ba sai ka zo Kano ba, Zariya ba ta rasa dukawa. Ka ce kirgi kake so, fatar sa mai kauri wadda aka jeme da bagaruwa, a yanko daga gadon baya. Ka nanata masa wannan, domin fatar wajen ciki miƙewa take yi, bayan wata biyu sai ka ga bel ya ƙara tsawo. Fatar jar akuyar Sakkwato da duniya ta sani a jaka da takalmi ba ta wannan aikin ba ce, ta yi laushi da yawa, sai dai a yi shafi da ita ta ciki don kada kirgin ya goge maka jiki. A haɗa kirgi biyu har kaurin ya kai milimita 10, a manna, sannan a bi da ɗinki layi biyu da zaren nailan irin na takalmi. Gam kaɗai ba ya jure gumi. Huda kuma a jera su tazarar inci ɗaya, kamar guda goma.

Kan bel ɗin shi ne mai wuyar samu. Nemi mai harshe ɗaya, na baƙin ƙarfe, da ɗan bututu mai juyawa inda fata ke bi. Mai harshe biyu bai fi shi ƙarfi a aikace ba, wahalar sawa da cirewa kawai zai ƙara maka lokacin da kake haki. In ka zaga 'yan gwanjo ka samu tsohon bel da fatarsa ta mutu amma kansa na nan lafiya, saye shi don kan kawai. In ba a samu ba, mai walda zai lanƙwasa maka rodi. A ɗaure kan da ƙusoshi aƙalla huɗu bayan ɗinki. Wani amfanin mai harshe shi ne azumi. Cikinka na goman ƙarshe ba irin na Sha'aban ba ne, sai ka matsa huda ɗaya kawai, alhali liba sai ka nemo sukundireba ka kwance. Ina kyautata zaton abin da ka tara zai kai ka, in ka iya ciniki.

Kada ka ba shi lambar wandonka. Karɓi tef ɗin tela ka auna daidai cibiya, kan rigar da kake atisaye da ita, ba tare da ka shanye ciki ba. Wannan awon ya faɗo a hudar tsakiya. In ka ɗaura, yatsunka su iya shiga tsakaninsa da ciki da ƙyar. Wanda ya matse har numfashi ya kasa sauka ya ɓata aikin gaba ɗaya.

Ka ɗumama jiki ba tare da shi ba, sai nauyi ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na iyakar ƙarfinka sannan ka ɗaura, ka kuma sassauta da zarar ka ajiye ƙarfe. Riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi na sa jini ya hau na ɗan lokaci, don haka mai hawan jini ko gwaiwa ya fara ganin likita. Haka in ciwon baya na sauka maka har ƙafa, ko ƙafar na yin sanyi kamar ba taka ba, ajiye ƙarfen ka je asibiti, babu fatar da za ta yi maganin wannan.

Bayan atisaye ka rataye shi a inuwa ya sha iska, kada ya kwana a jaka da jiƙaƙƙiyar riga, in ba haka ba damina za ta sa masa fumfuna. Da hunturu ka shafa masa man kaɗanya ɗan kaɗan sau ɗaya ko biyu. In ka cika masa mai zai saki jiki.

Tambaya: Koci, shekarata 44, ina da shago a Gusau. An ce mini in na riƙa yini da bel ɗin 'yan ɗaga ƙarfe tumbina zai ragu. Haka ne?

Amsa: Alhaji, ba haka ba ne, kada ka ɓata kuɗinka. Abin da za ka gani da yamma gumi ne da shatin fata, da ka sha ruwa ciki zai koma yadda yake. Kitse ba ya narkewa don an matse shi, kuma yini a ɗaure zai hana ka numfashi yadda ya kamata, ya tayar maka da ƙwannafi bayan cin abinci. Fara da rage lemon kwalba da sukarin shayi, ka rage malmalar tuwon dare, sannan ka riƙa tafiyar minti 30 da sauri bayan sallar asuba, kwana biyar a mako. Ka auna cikinka daidai cibiya yau ka rubuta, bayan wata biyu ka sake aunawa ka aiko mini da lambobin biyu.