Tambayoyin Masu Karatu: Ƙarar Gurzar Ƙarfe a Tayar Gaba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Toyota Corolla wadda nake zirga-zirga da ita tsakanin Daura da Katsina saboda aiki. Mako biyu ke nan ina jin ƙara daga tayar gaba ta dama, kamar ana gurza ƙarfe da ƙarfe. Wani bakanike ya ce boris ne, wani kuma ya ce birki ne. Ta yaya zan gane gaskiya kafin in kashe kuɗi? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da zai raba maka gardamar nan shi ne lokacin da ƙarar take fitowa, kuma kai da kake riƙe da sitiyari ka fi kowa damar lura da shi.

Idan sai ka taka birki take tashi, to mafi yawanci fad ɗin birki ne ya cinye har ƙarfen bayansa ya fara cin faifan da yake matsewa. Kafin a kai nan, fad da yawa sukan yi wani siririn ƙugi na gargaɗi, wanda direbobi kan yi biris da shi. A cire tayar a duba: in kaurin abin da ya rage bai wuce milimita 3 ba, a canja, kuma a canja dama da hagu tare domin kada motar ta riƙa fizga gefe guda. In faifan ya yi zurfafan layuka, shi ma ya tashi daga aiki, domin zai cinye sabon fad cikin ɗan lokaci.

Boris kuwa, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya take juyawa a kansa, babu ruwansa da birki. Ƙararsa gurnani ce mai ƙaruwa gwargwadon gudun mota, kuma takan sauya idan ka karkata sitiyari. A hanya mara cunkoso, ka ɗan karkata hagu a hankali. Nauyin motar zai koma dama, saboda haka in gurnanin ya ƙaru, boris ɗin dama ne abin zargi. Daga nan a ɗaga motar da jak, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza, sannan a juya ta da hannu a saurara. Tayar da take lilo ko take juyawa da kaushi tana ƙara ƙarfafa zargin. Ina jan hankalinka sosai a nan, domin boris ɗin gaban irin wannan motar a rufe yake zuwa, ba a ƙara masa giris, canja shi ake yi, kuma galibi da injin matsi ya kamata a shigar da shi. Wanda aka buga da guduma yakan lalace tun kafin motar ta bar gareji.

Akwai abu mai sauƙi da ake mantawa da shi. Tsakuwa takan maƙale tsakanin faifan birki da siririn farantin da ke bayansa, musamman ga mai sauka gefen titi ko shiga hanyoyin ƙauye, kuma ƙararta tana da ban tsoro alhali cire ta ba ya cin komai. Shaf kuma, wato sandan da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, ƙas-ƙas yake yi lokacin shan kwana, galibi bayan robarsa ta yage yashi ya shiga.

Ban yarda ka sake hawa titin Daura zuwa Katsina da wannan ƙarar ba, domin tafiya ce ta gudu, ga manyan motoci da dabbobi masu tsallakawa a wajen Mashi. Ka kai ta gareji a cikin Daura, ka tsaya a cire tayar a gabanka, bakanike ya nuna maka abin da ya lalace kafin ka ba da kuɗin kaya.