Tambayoyinku: Manhajar Kariya, Inshorar Kutse da Mai Alkawarin Dawo da Kuɗi

Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin ɗakin gwajin jini a Zariya, da kwamfutoci huɗu da muke ajiye sakamakon marasa lafiya. Na je sayen manhajar kariya aka nuna mini Kaspersky, kuɗinta kuma ya yi mini daidai. Sai ɗana ya ce Amurka ta haramta ta. In na saya na yi laifi ne?

Wa alaikumus salam Hajiya. Ɗanki ya faɗi gaskiya, amma haramcin na Amurka ne, a ƙasarta yake aiki, bai zama dokar Najeriya ba. Tun 2017 gwamnatin Amurka ta hana ma'aikatunta amfani da wannan manhaja. A watan Yunin 2024 Ma'aikatar Kasuwancinta ta hana sayar da ita a ƙasar baki ɗaya, daga ƙarshen Satumban shekarar kuma aka tsayar da sabunta ta. Hujjarsu ita ce hedkwatar kamfanin tana Mosko, kuma gwamnatin Rasha na iya tilasta masa ya ba ta haɗin kai. Kamfanin ya musanta zargin. Jamus ma ta ja kunnen jama'arta a watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren.

Manhajar kariya kamar maigadi ce da kika damƙa wa mabuɗin kowane ɗaki, har da na ajiyar kuɗi. Dole ki tambayi wanda yake ba shi umarni. Sai dai wannan tambaya ta hau kan kowane kamfani, ko na wace ƙasa ne. Idan kina aiki da wata ƙungiyar agaji da kuɗinta ke fitowa daga Amurka, duba yarjejeniyarku kafin ki saya, domin suna iya gindaya sharaɗi. In ba haka ba, abin da ya fi damuna game da ke daban ne.

Abin da ke cin ƙananan wurare irin naki shi ne fasasshiyar manhaja, wato kwafin sata marar lasisi, da ake zuba wa mutum a kasuwa a kan 'yan kuɗi kaɗan, da kwamfutar da aka daina sabunta ta. Lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta ɓarke a watan Mayun 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnatin Ingila, har aka soke dubban alkawuran ganin likita, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran da ke toshe kafar da cutar ta bi tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci ba su saka gyaran ba ne. Ki duba na'urorinki: idan Windows 10 suke ɗauke da shi, tallafinsa na kyauta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Da ni ne, nan zan fara zuba kuɗina, sannan in sayi faifan ajiya na waje in riƙa kwafe bayanai duk ranar Juma'a, in cire shi in kulle a durowa.

Dokar da ta hau kanki kai tsaye ita ce Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, awa 72 kike da shi ki sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Sakamakon gwajin matar wani amana ce, kin fi ni sani.

Malam, ina da kamfanin jigilar kaya daga tashar Legas zuwa Kano. Wakilin inshora yana ta matsa mini in sayi inshorar kutsen intanet. Na karanta takardar na ga an rubuta ba za a biya ba idan asarar ta faru ne sanadin yaƙi. Ni ina ruwana da yaƙi?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Wannan layin da ka gani shi ne zuciyar takardar, kuma na ji daɗi da ka karanta kafin ka sa hannu.

Ranar 27 ga Yunin 2017 wata cutar kwamfuta da ake kira NotPetya ta bazu daga Yukiren. Ta ɓuya ne cikin sabuntawar wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc da kamfanonin ƙasar ke amfani da ita. Cikin sa'o'i ta tsallaka iyaka ta shiga kamfanoni da dama da ke da ofishi a can. Maersk, wanda kwantenoninsa ka saba gani a Apapa, ya wayi gari allunan kwamfutocinsa sun mutu, manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin tashoshinsa ba wanda ya san kayan wa ke cikin wace kwantena. Asararsa ta kai kusan dala miliyan 300. Abin da ya cece su shi ne wata na'ura guda a ofishinsu na Gana, wadda ɗaukewar wutar lantarki ta raba da intanet kafin cutar ta iso. Da faifanta aka sake gina tsarin kamfanin. A watan Fabrairun 2018 Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan sojojin Rasha, Rasha kuma ta ce ba ita ba ce.

Daga nan rigimar ta koma kotu. Kamfanin magunguna na Merck, wanda shi ma cutar ta shafa, ya nemi diyyar dala biliyan 1.4, masu inshora suka ce ai wannan aikin yaƙi ne, ba za su biya ba. Kotunan jihar New Jersey suka goyi bayan Merck, suka ce tsohon sharaɗin yaƙi bai ƙunshi irin wannan hari ba, aka ƙare da sulhu a farkon 2024. Masu inshora sun ɗauki darasi. Kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan ta umarci mambobinta su rubuta ƙarara, daga ƙarshen Maris na 2023, cewa manyan hare-haren da gwamnatoci ke marawa baya ba sa cikin abin da za su biya. Mai yiwuwa takardar da ke hannunka da irin wannan sabon salo aka rubuta ta.

Matsalar ita ce har yau duniya ba ta daidaita a kan ina kutse ya tsaya, ina yaƙi ya fara ba. Bayan harin intanet da aka kai wa ƙasar Estoniya a 2007, masana shari'a sun zauna suka fitar da Kundin Tallinn a 2013, suna ƙoƙarin auna hare-haren intanet da ma'aunin dokokin yaƙi, amma ra'ayin masana ne, bai ɗaure kowace ƙasa ba. Mai jefa bam ana ganin jirginsa. Mai kutse yana iya bi ta kwamfutocin ƙasashe biyar, kuma gwamnatin da ta aiko shi ba za ta taɓa amsawa ba.

Saboda haka ka zaunar da wakilin nan ka tambaye shi: wa zai yanke hukuncin cewa gwamnati ce ta kai harin, kuma a wuyan wa hujja take, naka ko nasu? Idan wata ƙasa aka nufa kai kuma tartsatsi ne ya same ka, kamar yadda ya sami Maersk, za su biya? Ya ba ka amsa a rubuce. Ka kuma tambaya ko inshorar ta haɗa da damfarar saƙon imel, inda ake canza lambar asusun wanda za ka biya, domin ga mai sana'a irin taka wannan ya fi kusa da ƙofa. In ya yi ta kewaye-kewaye, riƙe kuɗinka ka nemi wani kamfanin.

Yallaɓai, an kwashe mini kuɗin jarina daga asusun banki. Wani a Facebook ya ce in ba shi kafin alƙalami zai kutsa wayar ɓarayin ya dawo mini da su. In biya shi?

Allah ya mayar maka da alheri, ƙanena. Kada ka ba shi ko sisi. Irin waɗannan suna farautar wanda aka riga aka cuta ne, don sun san zafin asara kan rufe ido. Ko da a ce gaskiya yake faɗa, Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta kutsawa na'urar wani da satar sauraron saƙonninsa ba da izinin hukuma ba, kuma ba ta ware wanda aka yi wa sata ba. Sai ka tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake tuhuma.

Je bankinka yau, ka shigar da koke a rubuce, ka nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin suka faɗa domin a riƙe asusun, ka karɓi lambar kokenka. Daga nan ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Kada ka goge saƙo ko ɗaya a wayarka, har da na shi wannan mai alkawarin, ka ɗauki hotonsu duka ka tafi da su.