Amsa: Yadda za a hanzarta dikodar LDPC a cikin SSD

Malam, ka tambaya me ya sa dikodar LDPC ɗinka, wato sashen da ke gyara kurakuran bayanan da aka karanto daga SSD (na'urar adana bayanai), ke cin lokaci da wuta a kan kowane shafin NAND, wato rukunin ƙwayoyin ajiya da ake karantawa tare. A ganina matsalar tsari ce: kana tura kowane karatu ta hanya mafi tsada.

Fara da karatu ɗaya tak, ka lissafa sindirom, wato sakamakon gwajin da ke nuna ko akwai kuskure a bayanan. In sifili ne, babu kuskure, saki bayanan nan take. In kurakuran kaɗan ne, dikodar juya bit, wadda ke juya 0 ko 1 ɗin da take zargin kuskure ne, ta wadatar, kuma wutar da take ci ba ta kai ta min-sum ba, wato dikodar da ke musayar saƙonnin tabbaci kan kowane bit zagaye bayan zagaye. Sai ta gaza ne za ka koma min-sum.

Nan ne aikin yake. Ka sabunta saƙonni hawa-hawa maimakon duka a lokaci guda, zagayen zai ragu da kusan rabi. Ninka saƙon da kusan 0.75, don min-sum tana zuzuta tabbacinta. Bit 4 zuwa 6 sun isa kowane saƙo. In ka matse fiye da haka, ƙimomin saƙonnin za su kai iyakarsu, dikodar ta maƙale a ƴan kurakuran da ba ta iya fita daga cikinsu. Duba sindirom bayan kowane zagaye, ka tsaya da zarar ya zama sifili.

Karatu mai laushi kuwa, wanda ake maimaita shi a matakan lantarki daban-daban, ka bar shi na ƙarshe, don kowane ƙarin karatu yana cin mikirosakan gommai. Kafin shi, gwada gusar da matakin karatun, domin caji na zurarewa daga tsofaffin ƙwayoyi.