Allurar sassauta tsoka a tiyata: za ta iya tsayar da zuciya?

Tambaya: Likita, za a yi wa ɗana mai shekara 4 tiyata a ciki. Na ji an ce bayan an sa mutum barci akan ƙara masa wata allura mai sassauta duk tsokar jiki. To ai zuciya ma tsoka ce. Ba za ta tsaya ba?
Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Allurar tana tare saƙon da jijiya ke kai wa tsokar hannu da ƙafa da ciki, har da ta numfashi. Shi ya sa muke sa bututu a maƙogwaro, na'ura ta karɓi aikin numfashin. Ita zuciya tana da makunninta a cikinta, ba ta jiran wannan saƙon.

Abin da yakan canza shi ne saurin bugun. Akwai wata jijiya da ake kira vagus, daga ƙwaƙwalwa take saukowa zuwa zuciya, aikinta kamar na birki. Wani maganin yana taka birkin, wani kuma yana sakinsa.

Wanda ya fi shafar yara shi ne suxamethonium, wanda muke ce wa skolin a ɗakin tiyata. Cikin minti guda ya gama kama jiki, amma yakan rage bugun zuciyar yaro, musamman in aka sake bayarwa bayan 'yan mintuna. Saboda haka ba na fara aikin yaro sai atropine, maganin da ke ɗaga bugun zuciya, yana cikin sirinji, a ajiye inda hannuna zai kai. Na'urar da ke maƙale a yatsan yaron tana yin ƙara da kowane bugu, kuma kafin ido ya kai kan allo kunne ya riga ya ji tazarar ta fara buɗewa. Da an ba shi atropine bugun yake farfaɗowa.

Pancuronium kuwa, wani maganin sassauta tsokar, akasin haka yake, yana sakin birki, zuciya ta ƙara gudu. Wannan bai dace da dattijon da jijiyoyin zuciyarsa suka tsuke ba. Atracurium in aka tura shi da sauri yakan saukar da ƙarfin jini, zuciya ta yi sauri don ta cike giɓin. Vecuronium da rocuronium ba su cika taɓa bugun ba. A ƙarshen aiki ma, neostigmine da ake dawo da ƙarfin tsoka da shi yana rage bugu, don haka tare da atropine ko glycopyrrolate ake ba da shi.

Ga abin da ke hannunki. Skolin yana ɗaga sinadarin fotasiyam a jini. Ga mai lafiya ɗan kaɗan ne, amma ga wanda ya yi babbar ƙuna, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko yake da ciwon raunin tsoka, yana iya hargitsa bugun zuciya sosai, nan ne haɗarin gaske yake. In ɗanki yana da ɗaya daga cikin waɗannan, ko yana yawan faɗuwa yana wahalar tashi daga zaune, ko wani a danginku ya taɓa samun matsala da allurar barci, ki gaya wa likitan sa barci tun kafin ranar aiki. Akwai wani maganin da zai zaɓar masa.