Amsa: Me ya hana Amurka tsarin lafiya na gwamnati ga kowa?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Amurka ta kasa kafa tsarin da gwamnati kaɗai za ta biya kuɗin asibitin kowa. Dubi Kalifoniya. A 2017 ƙungiyar ma'aikatan jinya ta jihar ta yi ta gangami, har majalisar dattawan jihar ta amince da ƙudirin SB 562, wanda zai kafa irin wannan tsarin a jihar. Sai kakakin majalisar wakilan jihar na lokacin, Anthony Rendon, ya jingine shi, wai ba a fayyace inda kuɗin zai fito ba. Hujjar tasa ba ƙarya ba ce, amma a ganina kamfanonin inshora, masu zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓen 'yan majalisa, sun fi kowa murna. A 2022 kuwa, wani ƙudirin mai irin wannan manufa, AB 1400, ko ƙuri'a ba a kaɗa masa a zauren majalisa ba.